Koren Fenti Ko Kula da Muhalli? A Leƙa Bayan Katangar Otal

 

Duk makon da Jami'ar Ahmadu Bello ta sa bikin yaye ɗalibai, wanda bai kama ɗaki da wuri ba sai dai ya nemi alfarmar tabarma a gidan ɗan'uwa. Daga Samaru zuwa Palladan, daga Kwangila zuwa PZ, babu masaukin da ba ya cika maƙil. Haka ake yi lokacin Hawan Sallah da Hawan Daushe, haka idan an kira babban taro a Kongo, haka duk ƙarshen makon da ɗaurin aure ya yi yawa. Zariya ba ta jiran Bature mai rataye da kyamara kafin ta ce ta yi baƙo. Baƙinta iyayen ɗalibai ne, da malamai masu zuwa gabatar da maƙala, da 'yan kasuwa, da 'yan biki, da masu jinya a asibitin koyarwa na Shika. Sana'ar ma ba sabuwa ba ce. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911 har Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha, fatake suna sauka a hannun fatoma a cikin birni.

Abin da yake sabo shi ne irin kirarin da masu wannan sana'a suka fara yi wa kansu. A allon talla, ko a shafin Facebook da Instagram, sai a ga hoton koren ganye, a ƙasa an rubuta cewa wannan wuri yana kula da muhalli. A shafa wa katanga koren fenti, a jera tukwanen furanni a bakin ƙofa, a kafa bukkar ciyawa guda biyu a tsakar gida. Shi ke nan, magana ta ƙare. To, mai kama ɗaki da kuɗinsa, da maƙwabcin da katangarsa ke jingine da ta otal, ta yaya za su gane wanda ya yi aikin da wanda kawai ya shafa wa labari shuni?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun duniya, kuma a ɗakin otal aka fara yin ta da ƙarfi. A 1983 wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Jay Westerveld ya je tsibiran Fiji, ya ga wata 'yar takarda a wani masaukin shaƙatawa tana roƙon baƙi su maimaita amfani da tawul domin a ceci teku. A daidai lokacin kuma masaukin yana ta faɗaɗa gine-ginensa. A 1986 ya rubuta maƙala yana cewa abin da ake son ceta shi ne kuɗin wanki. Yau wannan 'yar takarda tana rataye a banɗakunan otal-otal na duniya, har da wasu na Kaduna da Abuja. Ba laifi ba ne a rage wanki. Laifin shi ne a yi ƙaramin abu mai sauƙi, a ɗaga shi sama, domin kada ido ya kai kan babban.

A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta duba irin waɗannan iƙirari da kamfanoni ke yi, ta samu kashi 53 cikin 100 ko dai a dunƙule suke, ko na yaudara, ko marasa tushe, kashi 40 kuwa babu wata hujja a bayansu. Kamfanin Booking.com, wanda miliyoyin mutane ke kama ɗaki ta hannunsa a intanet, ya ƙirƙiro tambarin koren ganye a 2021 yana liƙa wa otal-otal. A watan Maris na 2024 ya cire shi, bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar Holan ta ce tsarin yana iya ruɗin jama'a, domin wasu abubuwan da ake yaba wa otal a kansu doka ce ma ta riga ta tilasta su. Idan ƙasashen da ke da sufetoci da ɗakunan gwaji sun sha wannan rufa-ido, ina ga inda ba mai zuwa dubawa?

Sai dai mutumin Zariya yana da wata dama da mai kama ɗaki daga nesa ba shi da ita. Yana iya zagayawa bayan katanga da ƙafarsa.

A fara da ruwa, domin a nan maganar ta fi nauyi. Ƙasar Zazzau a kan tsohon dutse take zaune. Ruwan da ke ƙarƙashinta ba wani tafki ba ne, ɗan abin da ya taru ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Ruwan sama da ake samu a Samaru bai wuce kimanin milimita 1,000 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba. An buɗe sabuwar matatar ruwa ta Shika a 2017, mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, amma har yanzu unguwanni da dama burtsatse da 'yan ga-ruwa ne ke riƙe da su. A irin wannan ƙasa, otal mai ɗaki 40 da wurin ninkaya da ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, idan ya haƙa burtsatse mai zurfi ya sa mata injin tura ruwa, daga tulu ɗaya yake sha da maƙwabtansa. Shi yana da doguwar guga, su ba su da ita. Saboda haka shaidar farko ba manajan otal ba ne. Matar gidan da ke bayansa ce, wadda ta san watan da rijiyarta ke ƙafewa a da, da watan da take ƙafewa yanzu. A je mata da wannan tambaya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ta kankama.

Masaukin da ya ɗauki abin da gaske yana da mita a kan burtsatsensa, ya san lita nawa ke tafiya kan kowane baƙo a kwana ɗaya, yana tara ruwan indararo da damina, kuma ruwan wanka da wanki ne ke zuwa gindin shukokinsa. Wanda bai san adadin ruwan da yake ja ba, ta yaya zai ce ya rage?

Inda ruwan ke tafiya bayan an gama da shi ya fi ban tsoro. Rafin Samaru yana kwashe abin da kwatocin garin suka tara ya kai shi madatsar Kubanni, wadda aka gina a shekarun 1970 domin shayar da jami'a. Binciken malaman jami'ar kansu ya sha nuna yadda laka da yashi ke cike madatsar, da yadda ƙazanta ke shiga cikinta. Daga nan kogin Kubanni ya gangara, ya ratsa gefen Tudun Wada da Sabon Gari yana karɓar lambatu bayan lambatu, kafin ya faɗa Galma. A gaɓarsa kuma masu lambu ne jere, suna noman latas da kabeji da karas da tumatir da alayyafo da rani. Ke nan otal ɗin da ya saki ruwan kicin da na banɗaki a kwata da tsakar dare, mai yiwuwa da safe mai sayen cefanensa ya dawo masa da shi daga kasuwa a cikin kwandon kayan haɗin salak. Baƙo ya ci, ya biya, ya yi godiya.

Tambayar a nan gajeriya ce. Ina sokawe yake? Idan ya cika, wace mota ce ke zuwa kwashewa, kuma ina take kai shi? Mai otal da yawa zai amsa ta farko da ta biyu, ya tsaya a ta uku, domin bai taɓa tambaya ba. Da zarar motar ta fita ƙofa, a ganinsa ta zama matsalar direba. Tsibirin Boracay na ƙasar Filifin, wanda ake tallarsa a matsayin aljannar duniya, gwamnati ta rufe shi ruf na wata 6 daga Afrilun 2018, bayan an gano wuraren kasuwanci da yawa suna tura ƙazantar banɗaki kai tsaye cikin tekun da baƙinsu ke wanka. Hotunan tallarsu ba su taɓa nuna bututun ba.

Sai wuta. Duk wanda ya taɓa kwana a Sabon Gari ya san kukan janareta, wanda ba ya barin mai ɗaki barci, balle maƙwabci. Kowace lita ɗaya ta man gas da aka ƙona tana sakin fiye da kilo 2 da rabi na iskar da ke ɗumama duniya. A ce injin wani otal yana shan lita 100 a dare guda. Kafin kiran assalatu ya tura fiye da kilo 250 sama, ban da hayaƙin da ke shiga tagar mutane. Tukwanen furanni nawa ne za su biya wannan bashi?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, rufin gidaje da masaukai ya fara cika da farantan sola. Wasu na cewa ai ba don Allah aka yi ba, tsadar mai ce ta kora su. To, sai me? Iskar da mutum ke shaƙa ba ta tambayar niyyar wanda ya kashe inji. Abin dubawa shi ne sola ɗin me take ɗauka. Akwai wanda faranti 4 ne ya ɗora don fitilun harabar gida da na'urar karɓar kuɗi, sauran ɗakuna da na'urorin sanyaya su duk suna kan janareta, amma a talla sai ya ce wurinsa da hasken rana yake aiki. Littafin sayen mai ne zai raba gardama: nawa aka saya bara war haka, nawa aka saya bana? Sannan akwai tsofaffin batura masu ɗauke da dalma. Idan sun mutu aka miƙa wa mai fasa su da guduma a bayan kasuwa, an cire hayaƙi daga iska ne an zuba guba a ƙasa.

Maganar wuta ita ke kai mutum ga maganar gini, kuma a nan Zazzagawa ba su da uzuri. A wannan gari ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, da ƙasa da azara, ginin da masana fasahar gine-gine na duniya ke zuwa kallo har gobe. Cocin Wusasa na 1929 da ƙasa aka yi shi. A cikin jami'a ma akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a shekarun 1970. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana ta hana shi shiga, da dare kuma ta sake shi a hankali. Duk tsohon da ya tashi a soro ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Amma sabbin masaukai sai a lulluɓe gabansu da gilashi yana kallon yamma, a sare darbejiyar da aka tarar a filin, a shimfiɗe harabar da siminti don ajiye motoci, sannan a sayo na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta kokawa da zafin da aka gayyato da hannu. Bukkar ciyawar nan da aka kafa a gaba ado ce kawai, wurin shan lemo.

Shara ba ta buƙatar dogon bayani. Washegarin biki, mutum ya leƙa bayan kowane ɗakin taro, zai ga ledar fiya wata da robobin lemo da fararen mazuban tekawe. Jihar Legas ta haramta waɗannan mazubai a Janairun 2024. Kenya ta hana shiga gandayen dajinta da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya tun Yunin 2020. A nan kuwa, waɗanda ke yin aikin sake sarrafa shara na haƙiƙa su ne 'yan jari bola, da buhu a kafaɗa, ba allo ba tambari. Masaukin da ya ware musu roba da gwangwani a wuri guda ya fi wanda ya sayo kwandunan shara masu launi uku, da yamma kuma a juye su wuri ɗaya a cinna wuta.

Haka kicin. Gasasshen kifi da kazar da ake ci a lambun shaƙatawa, a kan gawayi suke nuna, gawayin kuma wata kirya ce ko kaɗanya da ta yi shekaru tana tsaye a wani daji.

Akwai kuma dashen bishiya, wanda ya zama hanya mafi araha ta wanke suna. A kira masu ɗaukar hoto cikin Agusta, manaja ya tsuguna da babbar riga ya dasa guda ɗaya, a ce an dasa 500. Ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922, sun san cewa dashe da marka ba gwaninta ba ce. A dawo a ƙirga bayan hunturu da bazara da awakin unguwa sun gama nasu aikin. Kamfanonin jiragen sama ma sun yi wannan wasa. A watan Maris na 2024 wata kotu a Amsterdam ta yanke cewa 15 daga cikin kalamai 19 da kamfanin KLM ya yi a tallarsa game da muhalli na yaudara ne, ciki har da nuna wa fasinja cewa ɗan kuɗin da ya ƙara don dashen itatuwa yana goge hayaƙin tafiyarsa. Wannan ya shafi ofisoshin sayar da tikiti da shirya Umara da ke Sabon Gari da PZ, ranar da irin wannan talla za ta iso gare su. Wani bincike na masana Jami'ar Sydney da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa tafiye-tafiyen yawon buɗe ido ne ke da alhakin kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma sufuri ne ke da kaso mafi tsoka.

To ina batun takardar shaida, irin wadda ake sa wa firam a rataye bayan mai karɓar baƙi? Akwai na gaske. Tun 2008 aka fitar da ma'aunan da Majalisar Kula da Yawon Buɗe Ido Mai Ɗorewa ta Duniya ke riƙe da su, kuma ba muhalli kaɗai suka taɓo ba, har da haƙƙin ma'aikata, da amfanin mutanen gari, da kare al'adu da kayan tarihi. Tambarin Green Key ya faro daga Denmark a 1994. A Kenya, wata ƙungiya tana zuwa da ƙafarta ta duba masaukai ta ba su matakin tagulla ko azurfa ko zinariya, kuma tana komowa ta sake dubawa. Abin da ya raba waɗannan da na jabu shi ne wani ne daga waje ya zo ya duba, akwai ranar da shaidar ke ƙarewa, kuma ana iya ƙwace ta. Wadda aka karɓo a liyafar cin abincin dare a Abuja bayan an biya kuɗin tebur, ba ta shaidar komai sai cewa an biya kuɗin tebur.

Duk da haka, kada a yi wa ƙananan masaukai rashin adalci. Kuɗin ɗauko mai duba daga waje ya fi ƙarfin gidan baƙi mai ɗaki 10 a Hayin Dogo ko Layin Zomo. Mai yiwuwa wannan gida, da fankarsa da bokitinsa da inuwar mangwaronsa, bai ɓata rabin abin da babban otal mai satifiket ke ɓatawa kan kowane baƙo ba. Mai yiwuwa kuma shi ne ya fi kowa sakin ƙazanta a kwata. Ƙanƙanta ba shaida ba ce, girma ma haka.

Inda ake ƙidaya, gaskiya ba ta ɓuya. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990. Da aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, ana kuma ƙirga dabbobin a kai a kai, adadin ya haura 600. Ba wanda ya buƙaci allon talla kafin ya yarda. Irin wannan awo ne ya kamata a yi wa masu kai ɗalibai da baƙi Dutsen Kufena da Turunku da ganuwar birni: bayan motarsu ta tashi, me aka bari a wurin, kuma nawa ne ya shiga aljihun mutanen da ke zaune a gindin dutsen? Ganuwar da ake nuna wa baƙi ana ambaton Sarauniya Amina, zaizayar ruwa da masu ɗibar ƙasa suna cin ta kullum, alhali ana cin abinci da sunanta.

Wa ke da alhakin sa ido? Doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, akwai hukumar kula da muhalli ta ƙasa NESREA da aka kafa a 2007, akwai takwararta KEPA ta Jihar Kaduna. A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da ba da lasisi da tantance darajar otal-otal hurumin jihohi ne. Ma'ana ba sai an jira Abuja ba. Gwamnatin Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke ƙarƙashinta, suna iya cewa duk mai zuwa sabunta lasisi ya zo da abu uku a hannu: lissafin ruwan da ya ja, rasit ɗin man da ya saya, da shaidar inda aka kai abin da aka kwashe daga sokawensa. Jami'in da ke zuwa karɓar haraji ya san ƙofar kowane otal, bai taɓa ɓata hanya ba.

Masu aunawa kuma suna nan a bakin titi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, da na nazarin ƙasa, da na tsara birane, da na fasahar gine-gine, kuma kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna yawon neman abin da za su yi bincike a kai. Kwalbar ɗibar ruwan kwata da ɗakin gwaji duk akwai su a Samaru. Ƙungiyar masu otal za ta iya ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikin waɗannan sassa, a riƙa auna masaukan da suka yarda sau biyu a shekara, da damina da kuma bazara, a liƙa sakamakon inda baƙo zai gani. Wasu za su buɗe ƙofa tun ranar farko, wasu kuma za a ce manaja ya yi tafiya.